Hamayya da karon gayyata a tseren dirag: shiri ne ko gaskiya?

Tambaya: Ina bibiyar tseren motocin nan na Amurka da ake kira dirag, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su fafata a miƙaƙƙen layi. Na sha jin labarin abokan hamayya irin su Don Prudhomme da Tom McEwen, amma wasu suna cewa duk shiri ne na neman kuɗi. Daga ina wannan al'ada ta samo asali, kuma hamayyar ta gaske ce?

Amsa: Masu cewa akwai shiri a ciki ba su yi ƙarya ba, sai dai sun tsaya a rabin magana. Abin da aka riƙa shiryawa shi ne haɗuwar: wa zai kara da wa, a wane fili, a wace rana, da kuma irin cika bakin da za a yi kafin ranar. Abin da ke faruwa bayan an saki motocin kuwa, a mafi yawan lokuta ba ya shiryuwa. Don a fahimci yadda waɗannan abubuwa biyu suka zauna tare shekara da shekaru, dole ne a fara raba nau'i biyu na karawa da ake yi a wannan wasa.

Nau'i na farko shi ne gasar sili-ɗaya-ƙwale, wadda hukumomi ke shiryawa. Motoci, galibi 16 a manyan rukunai, suna gwajin cancanta, a jera su bisa saurinsu, sannan a riƙa haɗa su biyu-biyu, duk wanda aka kayar ya tattara kayansa. A wannan tsari ba wanda ke zaɓen abokin karawarsa, kuma gwanaye biyu suna iya shafe watanni ba su haɗu ba. Nau'i na biyu shi ne wanda zan kira karon gayyata. Mai filin tsere ne ke gayyato direbobi biyu da ya san sunansu zai cika masa fili, ya yi musu alkawarin kuɗin zuwa ko sun ci ko sun faɗi, su kara sau uku, wanda ya ci biyu shi ne gwani. Wanda ya san yadda mai gidan dambe ke ɗauko shahararrun 'yan dambe biyu don jama'a su biya kuɗin ƙofa, ya riga ya fahimci ginshiƙin abin. Kusan duk hamayyar da ake ba da labarinta a yau, a wannan nau'i na biyu ta girma, domin shi ne ke ba mutum biyu damar haɗuwa sau da dama cikin shekara guda, a gaban jama'a daban-daban.

Asalin wasan kansa yana da tushe biyu. A shekarun 1930 matasan kudancin Kalifoniya suna kai motocinsu busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, inda abokin karawar mutum agogo ne. A titunan gari kuwa, da dare, abokin karawa mutum ne ɗan'uwanka, kuma sau da yawa akwai kuɗi a tsakani. Lokacin da C.J. Hart ya fara shirya tsere a kan titin saukar jirage na Santa Ana a 1950, sannan Wally Parks ya kafa NHRA, babbar hukumar shirya tseren dirag a Amurka, a 1951, manufar ita ce a ɗauke wannan karo na titi a kai shi wurin da ke da doka da motar asibiti. An tsayar da nisa a kan rubu'in mil, wato kimanin mita 402. An yi babbar gasar ƙasa ta farko a Great Bend da ke jihar Kansas a 1955, kuma har farkon shekarun 1960 manyan gasannin hukumar ba su wuce biyu a shekara ba. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a mota ba zai iya ciyar da iyali da gasa biyu ba. Ƙari a kan haka, daga 1957 har zuwa ƙarshen 1963 hukumar ta hana amfani da man naitiro, wanda shi ne ke ba motoci ƙarfin da jama'a ke son gani. Saboda haka motocin da suka fi kowa gudu a ƙasar suka koma neman abincinsu a filaye masu zaman kansu, kuma masu filayen ba su da abin sayarwa da ya wuce suna biyu a kan takardar talla.

Hamayya ta farko da ta game ƙasar tsakanin mutum guda ce da yanki guda. Don Garlits, wani makaniki daga Tampa a jihar Fulorida, ya haura mil 170 a awa a 1957, wato fiye da kilomita 270, kuma mutanen Kalifoniya, waɗanda ke ganin su ne suka haifi wasan, suka ce agogon gabas ne ke ƙarya. A 1959 wata ƙungiyar direbobi ta Bakersfield ta biya shi kuɗi ya zo ya nuna abin da yake iƙirari. Ya zo, kuma bai ci ba. Art Chrisman ne ya ɗauki gasar. Garlits ya lura cewa motocin yamma suna ɗauke da na'urar cusa iska a inji wadda tasa ba ta da ita, sai ya ɗora irinta, kuma kafin ya koma gida ya ci gasa a yankin nasu. Gasar Bakersfield kanta sai a 1965 ta zo hannunsa. Abin da masu filaye suka koya daga wannan tafiya shi ne cewa jama'a za su biya don su ga an kayar da baƙo kamar yadda za su biya don su ga gwaninsu ya ci.

A wannan zamani ne jaridar Drag News ta fito da jerin sunayen direbobi goma da suka fi kowa. Hanyar hawa jerin ita ce ka ƙalubalanci wanda ke samanka, ku kara, in ka ci biyu cikin uku ka karɓi matsayinsa. Wannan ya ba karon gayyata wata daraja da kuɗi kaɗai ba za su ba shi ba, domin yanzu akwai abin da mutum zai rasa ko da an riga an biya shi. A shafukan jaridar ne kuma aka yi yaƙin baki na rukunin motoci masu amfani da fetur, inda ƙungiyar Stone, Woods da Cook ta riƙa musayar gori da John Mazmanian da K.S. Pittman da George Montgomery na Ohio. Kamfanonin da ke ƙera kamshaf, wato sandar da ke buɗewa da rufe bawul a inji, su ne ke sayen gurbin talla suna zuga wutar, kowanne yana yabon motar da ke amfani da kayansa yana muzanta ta kishiya. Wani abu da bai kamata a wuce shi ba: Stone da Woods baƙar fata ne, direbansu Doug Cook farar fata, kuma sun yi wannan tashe ne a farkon shekarun 1960, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a sassa da yawa na Amurka.

Rukunin da ake kira Funny Car, wato mota mai ban dariya, shi ma ɗan karon gayyata ne. A 1965 kamfanin Chrysler ya fitar da wasu motocin Dodge da Plymouth da aka matsar da ƙafafunsu gaba don nauyi ya koma kan tayoyin baya. Siffarsu ta zama bambaraƙwai, daga nan sunan ya fito, kuma ba su dace da dokokin rukunan motocin kasuwa na NHRA ba. Masu filaye ba su damu da doka ba, ka'idarsu ita ce kowa ya kara da abin da ya zo da shi. A 1966 Mercury ta mayar da martani da motoci masu gangar jiki mara nauyi da ake ɗagawa gaba ɗaya, irin wadda Don Nicholson ya tuƙa. Ɗan kallo da ya zo fili da Ford ko Chevrolet ko Dodge yana ganin mota mai kama da tasa a kan layi, shi ya sa gardamar ta bi mutane har gida da wurin aiki. Sai da jama'a suka riga suka karɓi rukunin sannan hukumar ta ba shi cikakken gurbi.

Yanzu ga mutanen da aka tambaya a kansu. Don Prudhomme, wanda ake yi wa laƙabi da Snake, wato Maciji, ya riga ya yi suna tun yana ɗan shekara 20, lokacin da ya ci gasar Bakersfield ta 1962. A watan Satumban 1964 aka haɗa shi da Tom McEwen a filin Lions da ke kusa da Long Beach. Ed Donovan, mai motar da McEwen ke tuƙawa, shi ne ya raɗa wa direbansa suna Mongoose, wato Tunku, dabbar da aka sani da kashe maciji. Sunan kansa talla ne, an ƙirƙire shi domin wannan karo. McEwen ya ci sau biyu a jere a daren, kuma daga nan masu filaye suka riƙa neman a maimaita.

In aka duba lissafin manyan gasanni, su biyun ba tsara ba ne. Prudhomme ya ci gasar NHRA 49, ya kuma zama zakaran Funny Car shekara huɗu a jere, daga 1975 zuwa 1978. McEwen biyar ya ci. Amma McEwen yana da abin da abokinsa ba shi da shi: ya fahimci cewa sunayensu biyu in an haɗa sun fi kowanne shi kaɗai tsada. Shi ne ya tunkari kamfanin kayan wasan yara na Mattel, kuma daga 1970 zuwa 1972 motocinsu suka ɗauki sunan Hot Wheels, wato ƙananan motocin wasa na kamfanin, ta Maciji rawaya ƙirar Barracuda, ta Tunku ja ƙirar Duster. Sun kafa kamfani guda na haɗin gwiwa, suna yawo tare daga gari zuwa gari, kuɗin yana shiga asusu ɗaya. Wannan yarjejeniya tana cikin na farko da wani babban kamfani da ba ya harkar mota ya zuba kuɗi masu yawa a wasan, kuma yara da dama a Amurka sun fara sanin tseren dirag ne daga ƙananan motocin roba da ƙarfe masu ɗauke da waɗannan sunaye.

To, abokan kasuwanci da ke raba riba za a ce suna hamayya? A ganina amsar tana cikin halin Prudhomme, mutumin da duk waɗanda suka yi aiki da shi suka shaida cewa ba ya jure faɗuwa, ko a gaban mutum ɗari ne a wani ƙaramin gari. McEwen ya san haka, kuma tsokanarsa ta riƙa tasiri ne domin tana taɓa wuri mai ciwo da gaske. Ranar da ta fi bayyana dangantakarsu ita ce ƙarshen gasar U.S. Nationals, babbar gasar ƙasa ta hukumar, ta 1978 a Indiyanafolis. 'Yan kwanaki kafin gasar ɗan McEwen ya rasu bayan fama da sankarar jini. Uban ya zo ya shiga gasar duk da haka, ya kai zagayen ƙarshe, kuma wanda ya tarar a ɗaya layin Prudhomme ne, a shekarar da yake kan ganiyarsa. Prudhomme bai sassauta ba, tayoyinsa ne suka zame, McEwen ya riga shi ƙetare layi. Da motocin suka tsaya, Prudhomme ya fito daga tasa ya kutsa cikin ta abokinsa, suka zauna tare suna hawaye. Da a ce an san Maciji da barin wani ya ci, wannan nasara da ba ta zama abin da ta zama ga McEwen ba.

Akwai kuma waɗanda karon gayyata ne rayuwarsu gaba ɗaya. Jim Liberman, wanda aka fi sani da Jungle Jim, babbar gasar NHRA ɗaya tak ya ci da hannunsa, a Englishtown da ke jihar New Jersey a 1975, amma yana amsa gayyata kusan ɗari a shekara. Ya gane cewa mai fili yana biyan kallo ne, don haka yakan ƙona taya ya cika fili da hayaƙi, ya dawo da baya a guje, kuma ba ya ɗaga ƙafa daga totur ko mota ta fara karkata. Ya rasu a hatsarin mota a kan titi a 1977 yana da shekara 31, kuma da hukumar ta fitar da jerin gwanayen direbobinta 50 a 2001, ta sa shi na 17, sama da mutane da yawa da suka fi shi kofuna.

Hamayyar da ba ta buƙaci wani ya ƙirƙira mata suna ba ita ce ta Garlits da Shirley Muldowney. Garlits yana cikin direbobin da suka sa hannu a takardar lasisinta na rukunin Top Fuel, wato dogayen motocin naitiro da suka fi kowane rukuni gudu, a 1973, kuma bai ɓoye cewa yana shakkar dacewar mace da irin wannan mota ba. Ita kuwa ba mai haɗiye magana ba ce. Masu filaye suka ga abin da ke gabansu, suka riƙa haɗa su shekara bayan shekara, rabin jama'a suna bayansa rabi suna bayanta. A gasar hukuma ma sun haɗu a wuraren da ke da nauyi: ya kayar da ita a ƙarshen U.S. Nationals ta 1975, ita kuma ta kayar da shi a ƙarshen Gatornationals ta 1982, a jiharsa ta Fulorida. Ta zama zakarar Top Fuel a 1977 da 1980 da 1982, ta riga shi kaiwa uku, domin nasa sun zo ne a 1975 da 1985 da 1986. Abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su ciwo. A 1970 akwatin giyar motar Garlits ya fashe a filin Lions ya yanke masa wani sashe na ƙafar dama, wanda hakan ya sa ya ƙera motar da injinta ke bayan direba, ya ci gasar Winternationals ta hukumar da ita a 1971, kowa ya bi sahunsa. A 1984 Muldowney ta yi mummunan hatsari a wani fili kusa da Montreal a Kanada, ƙafafunta da hannayenta suka kakkarye, ba ta dawo ba sai 1986. Zafin maganganunsu na gaske ne, girmamawar da ta biyo baya a shekarun tsufa ma haka.

Rukunin Pro Stock, na motoci masu siffar na kasuwa da ke amfani da fetur, shi ma daga karon gayyata ya fito, domin Bill Jenkins mai Chevrolet da Ronnie Sox mai Plymouth sun daɗe suna karawa a filaye masu zaman kansu kafin hukumar ta buɗe rukunin a 1970, kuma su biyun ne suka haɗu a ƙarshen gasarsa ta farko, Jenkins ya ci. Daga baya Bob Glidden mai Ford, wanda ya zama zakara sau 10, ya sami abokin gwabzawa a Lee Shepherd mai Chevrolet, wanda ya riƙe kambun daga 1981 zuwa 1984 kafin ya rasu a hatsarin gwaji a 1985.

Abin da ya raunana karon gayyata nasarar wasan ce da kanta. A 1972 Garlits ya jagoranci direbobi suka shirya gasa a Tulsa a ƙarshen makon da ake yin U.S. Nationals, da kyautar da ta fi ta hukumar nesa ba kusa ba, don su tilasta a ƙara musu kuɗi. A 1975 kamfanin taba mai alamar Winston ya ɗauki nauyin gasar shekara, aka sami asusun maki mai tsoka. Yawan manyan gasanni ya riƙa ƙaruwa har ya haura 20 a shekara, talabijin ta shigo, masu ɗaukar nauyi kuma suna son ganin sunansu a allon ƙasa baki ɗaya, ba a gaban 'yan dubbai a daren Laraba ba. Kuɗin tayar da injin naitiro sau ɗaya ya kai inda ƙaramin fili ba zai iya biya ba. Filayen da suka raini al'adar ma suka riƙa rufewa: Lions a 1972, Orange County a 1983. Hamayya ba ta mutu ba, amma ta koma ta tsawon kaka, kamar ta Kenny Bernstein da Larry Dixon, waɗanda kamfanonin barasa biyu masu gaba da juna ke ɗaukar nauyinsu. Bernstein ya ci kambun 2001, Dixon ya ci na 2002 da 2003, a motar da Prudhomme ne mai ita.

Wani abin lura shi ne cewa zargin sayar da wasa ya fi ƙarfi a sabon tsarin fiye da tsohon. Da attajiri ɗaya ya mallaki motoci uku ko huɗu a rukuni guda, sai tambaya ta taso duk lokacin da biyu daga cikinsu suka haɗu. A U.S. Nationals ta 2009 John Force, wanda ya zama zakara sau 16 a rayuwarsa, ya faɗi a hannun direban ƙungiyarsa Robert Hight a zagayen kusa da ƙarshe, kuma wannan nasara ce ta shigar da Hight cikin jerin masu neman kambu ta fitar da Cruz Pedregon. Tony Pedregon, ƙanin Cruz kuma tsohon direban Force, ya tare shi a ƙarshen layi suka yi cacar baki a gaban kyamara, yana zarginsa da faɗuwa da gangan. Hight ya ci kambun shekarar. A tsohon karon gayyata kuɗin kowa tabbatacce ne tun kafin a tayar da inji, saboda haka abin da ya rage a kan layi shi ne suna, kuma mutumin da aka riƙa kayarwa farashinsa na faɗuwa a kaka mai zuwa. Ba na cewa ba a taɓa daidaitawa a raba zagaye biyun farko don a kai na uku ba, irin wannan magana tana yawo a tsakanin tsofaffin wasan, amma tsarin kansa yana hukunta wanda ya saba faɗuwa.

A yau manyan motocin naitiro suna gudun ƙafa 1,000 ne, kimanin mita 305, tun bayan rasuwar Scott Kalitta a Englishtown a 2008, kuma tun 2010 akwai gasannin da ake sakin motoci huɗu a lokaci guda, abin da masu son tsohon salo da yawa ba su karɓa ba, domin ido ba ya iya riƙe labarin mutum huɗu cikin daƙiƙa huɗu. Tsohuwar al'adar ta fi rai ne a ƙananan filaye, musamman a kudancin Amurka, inda ake yin tseren huce haushi: direbobi biyu su yi ta ciniki a kan sharuɗɗa, wa zai sami tazarar mota ɗaya, wa zai fara motsawa, nawa aka ajiye, sannan a kashe allon lokaci don kada kowa ya san ainihin gudun motar wani. Wani shirin talabijin da ya fara a 2013 a kan direbobin Oklahoma City ya dawo da jerin mutum goma da ake hawa ta hanyar ƙalubalantar na sama, kusan daidai da tsarin da Drag News ta yi amfani da shi fiye da shekara 50 kafin nan.